Gishiri a Baƙar Leda

"Ruwa fa na ce maka. Ruwan sha, a cikin leda."

"Kai dai ka cika zuƙi. Ta ina za a sha?"

"Da haƙori mana. Ka ciji gefe, ka tsotse, ka yar."

"Ka yar a ina?"

"A ina kuwa? A ƙasa. Ai gwamnati ya zo Lafiya yanzu, akwai masu shara."

"Masu sharan da ko ofis ba a ba su ba tukuna?"

"Oga, in ba ka saye ka matsa, kana tare min kastoma."

Hammawa yana tsugune gaban mai gishiri a kasuwar Lafiya yake jin wannan musu a bayansa, bai ko waiwaya ba. Farkon shekarar 1997 ne, 'yan watanni bayan an yanke jihar Nasarawa an ce Lafiya ce hedikwata. Garin ya cika da baƙin ma'aikata da suka sauko daga Jos da katifunsu a kan mota, kowa yana neman ɗaki, kowa yana jin ƙishi. Shi abin da ya dame shi daban. Ƙwaryar da yake zuba gishirin shanu a ciki ta fashe a hanya, keke ya faɗa rami da shi wajen fitowa daga Adogi. Mai gishiri ya dubi ɓarin ƙwaryar ya yi dariya, ya zaro wata baƙar leda daga ƙarƙashin tebur, ya kaɗa ta a iska ta buɗe baki.

"Ɗan Fulani, an daina wahalar ƙwarya. Riƙe nan. Kyauta ce, ba na caji."

Hammawa ya juya ta, ya ja ta, ya ga ba ta yage ba. Ya ɗaure ta a ƙahon keke ya kama hanyar gida yana jin ya yi tsintuwa.

Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda aka haifa a kan hanyar ƙaura tsakanin rani da damina. Mahaifinsa ne ya gaji da yawo ya kafa ruga kusa da Adogi, ya roƙi fili wurin manoman wajen, suka zauna ana noman dawa da rogo, ana kiwo. Ba a tambayar Hammawa yawan shanunsa, ba ya ƙidaya su a gaban mutane, amma duk wanda ya ga garken yana saukowa rafi a shekarun nan ya san gida ne mai rufin asiri. A cikin garken akwai zuriya ɗaya da ba a sayarwa ko ana yunwa. Shanun mahaifiyarsa ne, jajaye masu farin goshi, kowace mace a cikinsu Wule ake ce mata. Wule ta haifi Wule, tun kafin a haife shi.

A ƙarshen daminar da ta wuce matarsa Sailuba ta haifa masa 'yar fari, aka sa mata Daso. Ran suna ya ja wata karsana Wule ya ɗaure ta a ƙofar bukkar mai jego, ya ce wa dattawa su shaida ta yarinya ce, ita da duk abin da za ta haifa. Daga ranar bai ƙara nuna ya san da yarinyar ba. 'Yar fari ce, kunya ta hana shi kiran sunanta, ta hana shi ɗaukarta a gaban jama'a. In zai yi maganarta sai ya ce "yarinyar nan". Amma Sailuba ta lura cewa duk safiya Wulen Daso yake fara dubawa, ita yake fara cire wa kaska, kuma ita ke samun dunƙulen gishiri mafi girma.

Ran Juma'a da hantsi ake ba shanu gishiri da kanwa a gidan, haka ya gada. Mahaifinsa yakan buga gindin ƙwarya da sanda yana kiransu da baki, su taso a hankali zuwa komin itacen da ake zuba musu. A Juma'ar farko ta leda, Hammawa yana cikin kwance ƙullin sai ta yi ƙara, cakas-cakas, shanu biyu suka ɗago kai. Juma'a ta biyu ya kaɗa ta da gangan. Kafin wata uku ba ya bukatar buɗe baki. Ya tsaya a bakin garke ya kaɗa leda sau biyu, sai ka ga ƙura ta tashi, manya da ƙanana suna rige-rige. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. In baƙo ya zo sai ya ce, "Tsaya ka ga wani abu," ya zaro leda daga aljihu. Maƙwabta suka riƙa cewa Hammawa ya sa wa shanunsa rediyo. Maruƙan da aka haifa bayan nan ba wanda ya koya musu, iyayensu suka bi.

Lafiya kuwa ta ci gaba da faɗi. Gidaje suka ci gonaki, gonaki suka ci burtali, har ya zama hanyar da ta rage wa garken zuwa ruwa da rani sai ta gefen wani juji inda motoci ke juye sharar gari. Ledar ruwa, ledar burodi, baƙa mai maiƙon alale, duk iska tana kwasowa tana rataye su a kan ƙaya. Shanun kowa sukan tsaya su lashi wadda ke da ƙanshin abinci. Na Hammawa ba sa jiran ƙanshi. Da iska ta motsa leda, ko a kan reshe take, sai su yi kanta.

Saniya ta farko ta fara ramewa a 2002. Tana ci kaɗan, tana tsayawa ita kaɗai, gashi ya tashi, ƙashin baya ya fito, ciki kuwa tim. Aka ce sammore ne, ya sayo allura. Aka ce ciwon hanta ne, ya ɗura mata magani. Da ta kusa faɗuwa ya kira Ya'akubu, wani mahauci na Lafiya mai faɗin kafaɗa da ya saba sayen shanu a rugagen wajen. Bayan kwana biyu suka haɗu a kasuwa.

"Hammawa, saniyar nan taka ai shago ce. Na buɗe tumbi na samu leda ta ishi mai tireda shekara. Har da igiya da silifa ɗaya, ina neman ɗayan in ba matata."

"Kowace saniya tana cin leda yanzu."

"Tana ci. Amma naka kamar biyansu ake yi."

Hammawa bai yi dariya ba. Ya koma gida yana tunanin bakin mutane ne ya kama shanun, don garken ya yi suna, kuma shi da kansa ya yi ta nuna shi ga baƙi. Ya karɓo rubutu ya zuba a ruwan shansu, ya binne laya a tsakiyar garke. Ran Juma'a ya kaɗa ledarsa kamar kullum, suka zo da gudu, ya ji sanyi a ransa cewa har yanzu suna da kuzari. Shekara ta bi shekara, duk rani sai an kira Ya'akubu sau biyu, sau uku, wata shekarar sau biyar. Wulen da aka ba Daso ran suna ta tafi a 2005, ta bar 'ya ɗaya mace.

An buɗe makarantar 'ya'yan makiyaya kusa da rugar, ɗaki biyu da gindin mangwaro, Sailuba ta matsa aka sa Daso. Malamarsu Madam Hembadoon ce, Batibiya gajera mai babbar murya, tana zuwa daga Lafiya a bayan babur da jaka cike da alli. Tibi da Fulani abokan wasa ne, saboda haka tun ranar farko ba su raga wa juna ba.

"Madam, saniyar da kakana ya ba kakanki ajiya, har yau muna jira."

"Baban Daso, saniyan nan ya mutu da kansa, mu taimako muka yi muka ci. Kai kawo nono ka bar tsohon magana."

A 2007 aka kira malamai wani taron bita, Madam ta dawo da babban hoto ta manna a bango: kunkurun teku da leda a bakinsa. Ta zana wa yara layi a allo, daga rafinsu zuwa Binuwai, daga Binuwai zuwa Lokoja, daga nan har teku, ta ce duk ledar da suka yar da damina can za ta, kuma ba ta ruɓewa ko jikokinsu sun tsufa. Ta ce abin kirki shi ne wanda in ya gama aiki ƙasa za ta iya cinye shi, kamar ganyen da ake naɗe alale da shi da, kamar ƙwarya, kamar jakar kaba. Daso ta kawo labarin gida tana ba uwarta da ƙarfi, yadda uban da ke gyaran igiya a gefe zai ji. Ya ji. Ya ce wa Sailuba, "Gaya wa yarinyar nan, ni ban taɓa ganin teku ba, kunkurun ma bai san da ni ba. Ta je ta ɗaure maruƙa."

Wata Laraba da hantsi Madam ta fito da ajin gaba ɗaya tsintar leda a kewayen rugar, wai za su wanke su tufka igiya da ita. Yara wajen ashirin, kowa da leda a hannu biyu, suna tsalle suna kaɗawa. Garken yana kwance a inuwa yana tuƙa, ba a riga an kora shi kiwo ba. Sai gaba ɗaya ya miƙe. Yara suka watse da ihu, Madam ta yar da jaka ta haye kan turmi tana kiran Yesu, shanu suka kewaye ta suna miƙa harshe ga abin da ke hannunta. Hammawa ya fito da gudu ya kore su, yana dariya har da riƙe ciki.

"Tibi da tsoron saniya! In a tukunya take ai ba kya gudu."

"Chei! Baban Daso, me ya sa shanu naka ya bi mu haka? Na wuce garke da yawa, ban ga wannan ba."

"Ai na koya musu ne. Tsaya ki gani."

Ya karɓi leda ɗaya daga hannun wani yaro, ya matsa gefe, ya kaɗa sau biyu. Suka juyo suka yi kansa. Ya dubi Madam yana jiran yabo irin wanda ya saba samu. Ta sauko daga turmin a hankali, ta ɗauki jakarta tana karkaɗe ta, ta ƙi haɗa ido da shi. Daso ce ta yi magana, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ba ta taɓa fuskantar ubanta da zance ba.

"Baaba, su a wurinsu duk leda gishiri ce."

Ledar tana hannunsa, 'yar Wule tana jan gefenta da leɓe. Ya fizge, ya dunƙule ta ya cusa a aljihu. Ya tsaya nan har yara suka koma aji. Ranar bai kora shanu kiwo ba sai bayan azahar, kuma da Sailuba ta ajiye masa fura bai taɓa ba. Shekara biyar yana neman wanda ya yi wa garkensa baki.

Washegari ya tono layar ya tattara duk ledar da ke gidan ya ƙone. Sailuba ta fafe sabuwar ƙwarya. Daso ta kawo jakar kaba da suka saƙa a makaranta, mai murfi da maratayi, ta ajiye a inda zai gani, ya ɗauka. Ya tafi da ita kasuwa ya miƙa wa mai gishiri. Mutumin ya auna, ya zuba a baƙar leda, ya ƙulle, sannan ya saka a cikin jakar.

"Cire ledar."

"Kyauta ce fa."

"Na ce cire."

"To, Alhaji Bature. Jama'a ku zo ku ga Bafulatanin da ya fi ƙarfin leda."

Sayen gishiri a jaka abu ne mai sauƙi. Cire abin daga kan shanu shi ne ya gagara. Ya koma buga ƙwarya, suka dube shi kamar ba su san shi ba. Ya zuba barkono a leda ya ajiye musu, suka yi atishawa kwana ɗaya, suka koma. Daga ƙarshe ya yi abin da mahaifinsa bai taɓa yi ba: ya riƙa kaɗa leda, duk wadda ta matso ya sauke mata sanda a hanci. Mako biyu yana haka. Abin da suka koya shi ne su guje shi. Saniyar da a da take zuwa ta ɗora masa kai a kafaɗa, yanzu in ya miƙa hannu sai ta ja baya, amma a gefen juji, in iska ta taso, ba abin da ya canza. Ya gwada canza hanyar ruwa, ya tarar da gonar doya an kewaye ta da waya.

A makaranta ma abin bai yi nisa ba. An saƙa jakunkuna an rataye a bango, wani jami'i ya zo ya ɗauki hoto ya tafi da biyu. Rijiyar makarantar ta ƙafe da rani, yara suka koma sayen fiya wata a bakin hanya. Wata rana Hammawa ya wuce ya ga Madam a gindin mangwaro tana tsotsar tata. Ta ɓoye hannu a baya, sannan ta fito da shi.

"Baban Daso, to me zan sha? Ni ma na gaji. Ina koya da safe, da rana iska ya kawo sabo."

Bai tsokane ta ba ranar, ita ma ba ta nemi nono ba.

Zuwa 2009 garken da ake jin tafiyarsa daga nesa ya koma abin da yaro zai ƙirga da yatsun hannu. A zuriyar mahaifiyarsa saura ɗaya, 'yar Wulen nan ta Daso, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Ƙarshen damina bijimin maƙwabci ya hau ta, ba ta sake nema ba. Hammawa ya ɗaura ƙulli a igiya, duk sabon wata ya ƙara ɗaya. Ya daina kai ta kiwo, ya ɗaure ta a gida, shi da Daso suna yanko mata ciyawa da harawar gyaɗa, suna tsince ko ɗan ƙyallen leda kafin su zuba. Cikinta ya fara tasowa. Sailuba ta ce Allah ya kawo mace. Daso ta gyara wani lungu a inuwa inda za a ɗaure maraƙi.

Tun yana ɗan shekara bakwai Hammawa ya san ɗa a dama yake kwanciya, tumbi a hagu. Cikin Wule ta hagu ya fi tasowa. Ya san hantsar mai ciki takan cika in haihuwa ta matso, tata kuwa tana nan a yamushe. Yakan tsaya ta gefen dama kawai in zai duba ta, ya kwantar da tafin hannu ya daɗe, wani lokaci ya ji kamar motsi. Ƙulli tara suka cika, aka ƙara kwana ashirin. Ta daina tuƙa. Da Madam ta ji labari wurin Daso, ita ta ɗauko likitan dabbobi daga Lafiya a kan babur. Likitan ya danna hagu da dunƙulen hannu, wurin bai koma ba, kamar an danna buhun rogo. Ya sa hannu ya laluba ta ciki, ya daɗe, ya fito yana girgiza kai.

"Leda ce, ta cika tumbin ta danne komai. Da wata shida baya ne sai in tsaga in kwashe. Yanzu ba za ta tashi daga aikin ba."

"Ɗan fa?"

"Ban taɓo shi ba. Ba zan ce maka babu ba, tumbin ya tare hanya. Amma kada ka sa rai."

Hammawa ya riƙe rabin farko na maganar ya saki na biyun.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Wule ta durƙusa ta kasa tashi. Suka ɗaga ta da sanduna su huɗu, ta sake zubewa, ta miƙe wuya a ƙasa, numfashi yana fita da ƙyar. Kowa a rugar ya san abin da ya rage: in ba a sa wuƙa ba kafin azahar, mushe za ta zama. Kuma kowane makiyayi ya san in ɗa ya isa haihuwa, aka yi sauri bayan yanka, wani lokaci akan ciro shi da rai. Aka aika wa Ya'akubu. Ya zo ba wasa a bakinsa, ya ajiye babur nesa, ya tsaya yana kallon saniyar.

Sailuba ta ja Daso zuwa bukka, yarinyar ta ƙwace ta dawo ta tsuguna wajen kan saniyarta, ta ɗora hannu a farin goshin. Ba wanda ya kore ta. Hammawa ya juya Wule ta fuskanci gabas, ya zaro wuƙarsa, ya gwada kaifin a babban yatsa. Shi ya kamata ya yi, dabbar gidansa ce. Ya durƙusa, ya kai hannu zai kama maƙogwaro, sai ta kawar da kai daga hannunsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya juya wuƙar ya miƙa wa mahaucin ta wajen ƙota.

"Ya'akubu, karɓi, kai ka yi. In ka gama kada ka tsaya fiɗa, kada ka taɓa hagu. Ka buɗe dama da sauri, ka sa hannu ka duba da kyau. Don Allah ka duba har ƙasa."